Hannun da Ya Dafa Ƙasa

…a'a, ba Lahadi ba ce. Litinin ce. Sha takwas ga Disamba, 1961, bayan la'asar, a filin kasuwar Gazawa. Ranar tana nan a kaina, Wolta, har sa'ar. To yaya mai riƙe rana da sa'a zai ce magana ɗaya ta kuɓuce masa?

Zauren Sanda ne wannan. Laraba, ƴarsa, ta leƙo ta ce, "Baba Ayuba, ku ɗan jira, ana juya shi." Ana juya shi… ɗan kokawar da ya shekara bakwai ba wanda ya kai shi ƙasa, daga nan har Cadakori.

Kai kuwa rijiya ka zo haƙa mana daga Amirka. Mishan ta turo ka, aka haɗa ka da ni in yi maka tafinta, saboda Turancin da na koya a lakol ɗinsu, makarantar mishan. Ƙato, wuya kamar turmi, kana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Hoton nan na cikin akwatinka: hular kwano, kafaɗu a kumbure, lamba saba'in da huɗu a ƙirji. Ƙwallon ƙasarku, ka ce. Shekara huɗu a jami'a, biyu a babbar ƙungiya. Na tambaye ka ƙwallo nawa ka ci, ka yi dariya. Ko ɗaya. A shekara shida sau biyu kacal hannunka ya taɓa ƙwallon. Aikinka tsaro ne: wanda ya rungumo ƙwallo a guje ka tare shi, ka maka shi da ƙasa. Har ranar da mutum biyu suka faɗo maka a gwiwa, sana'a ta ƙare kana ɗan ashirin da huɗu.

A hoton kuma a duƙe kake, hannun dama dafe da ƙasa. Na gani. Har na tambaya. Ka ce haka kuke tsayuwa kafin a fara, jikinka da kansa yake yi, ko a mafarki.

Ni na kai labarin kasuwa: Baturen rijiya, kada mutane ne sana'arsa a ƙasarsu. Kafin kwana uku makaɗa sun sa ka a waƙa. Sanda ya aiko, in da gaske ne ga fili ranar bikin jamhuriya.

Ka tambaye ni dokokin kokawa. Ka tambaya, da fensir a hannu. Ban da naushi, ban da cizo, ban da shuri. Uku. Ta huɗun — in aka sake ku, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi — ta huɗun…

Ana tari a ciki. Shi ne.

Alƙalin wasa ya ja baya. Ka duƙa. Hannunka ya sauka ƙasa. Fili ya fashe da ihu, mata na guɗa, Sanda ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama, ya juya yana wa makaɗa dariya. Ya ci, bai taɓa kowa ba. Kai kuma ihun ka ji, a wurinku alamar a fara ke nan. Taku huɗu ka yi, ka afka masa. Har yau ina ƙirga su. Sai ƙara, kamar reshen gawo ya tsage.

Ƙugun Sanda ne ya karye. Da hannunka ka ɗauke shi zuwa kamyon, babbar motar mishan, kana ta nanata magana ɗaya ina fassarawa: "Duk waɗanda na buga suna kallona. Wannan ba ya kallona." Bayan wata biyar ka koma gida, rijiya ta uku ba ta kai ruwa ba. Wasiƙa biyu. Ta ukun matarka ce ta rubuto, da labarin rasuwarka.

Sanda bai sake riƙe hauya ba. Igiya yake tufka a zauren nan shekara arba'in. Kuma ba ranar da zai gan ni bai ɗaga murya ba: "Malam na mishan! Faɗa wa mutanen nan, wa ya kada Amirka bai taɓa ta ba?" In ce masa, "Kai ne." Ya ce, "To sa a takardarka, kar ka ci rabona." Kai ya yafe maka tun a asibiti. Ni fa? Bai san da abin yafewa ba.

Ta huɗun, mantawa na yi ban faɗa maka ba. Haka na gaya maka, haka nake gaya wa kaina. Ni da na yi shekara talatin ina akawu a buro ban taɓa tsallake ɗigo ba? Shekara guda da samun mulkin kai, ga sabuwar tuta a sama, ni kuma ina nan bayan Bature, riƙe da hularsa… So nake gari ya yi maka dariya. Sau ɗaya. Ka dafa ƙasa, a yi ihu, in taka a hankali in zo in bayyana maka. Ni na sani, kai ba ka sani ba. Iyakar abin da na so ke nan, Wolta. Dariya.

Likita ya ce kwanaki ne suka rage wa Sanda. In na faɗa, abin da yake taƙama da shi shekara arba'in ya zama tarkon Ayuba. In na yi shiru, ya tafi da haƙƙinsa a wuyana. Wanne ne nasa, wanne ne nawa?

"Baba Ayuba, ku shigo. Ya ce in Malam na mishan ne, ya zo da takardarsa."

To. Gwiwa ta ƙi. Bari in dafa in tashi…

Ga shi nan. Hannun dama, a ƙasa. Ba alƙali, ba ihu — ni kaɗai nake ganinsa.