Wa Zai Kira Ermelinda

Tun da hantsi Tolentino ya kasa zama. Daga kicin ya leƙa falo, daga falo ya fita baranda, zafin Salmiya ta Kuwait ya koro shi ciki. Ya ɗauki waya, ya ajiye, ya sake ɗauka.

Yau Juma'a ake yi wa 'yarsa Jovita ros. Za a zaunar da ita a tsakar falo, dangi su bi layi suna shafa mata madarar kwakwa, mata na waƙa da yaren Konkani kamar yadda ake yi a yankinsu na Goa. Gobe ɗaurin aure a coci, mako mai zuwa ta bi mijinta Kanada. Kwakwa an goge, an tace, tana cikin kwano a rufe. Mai waƙa ce babu.

Shekara da shekaru, in za a aurar da 'yar Goa a unguwar nan, matarsa Ermelinda ce ke jan waƙar. Bara waccan ta rasu. A cikin waƙar kuwa akwai baitin da ake yi wa amaryar da uwarta ba ta raye: a kira mamaciyar da sunanta, ta leƙo ta sa albarka. Ermelinda ta kira uwayen mutane da yawa. Yau ita ce ba mai kiranta.

Ya buga wa tsohuwa Aurora, wadda ta koma Goa da takardar iƙamarta ta ƙare. Jikanta ne ya ɗauka, ya ce tana kwance, numfashi ma da ƙyar. Ya buga wa wata nas 'yar ƙauyensu, ta ce tana bakin aiki har magariba, kuma ita amshi kawai ta iya.

Jovita ta fito daga ɗaki da tawul a ka. Da Turanci ta yi magana, kamar kullum.

"Pai, ka zauna mana, jiri kake sa ni. Waƙoƙin nan cike suke a waya. A jona da lasifika, shi ke nan."

"Wayar ta san sunan uwarki?"

Da Konkani ya tambaya. Ta gane, don ji tana ji, mayarwar ce ba ta iya ba. Ta juya ta koma ɗaki.

A kicin ya tarar da Perpet, ƙanwar marigayiya, tana soya kifi.

"Ke za ki yi," ya ce.

"Ni? Baiti biyu na sani. Yaya Ermelinda ce mai waƙa, ni 'yar tafi ce."

Ya tura ƙofa, ya sassauta murya, ya karanta mata baitin tun daga farko. Perpet ta tsaya da cokali a hannu tana kallonsa.

"A ina ka koya?"

"Shekara nawa tana yi a kaina tana wanke-wanke? Tukwanen nan ma sun haddace. Maimaita."

Ta maimaita. Da ta zo kan sunan, muryar ta sarƙe. Ta sake, ta sake sarƙewa. Kifi ya fara ƙauri.

"Ba zan iya ba, Tolent. Ina zuwa wurin, maƙogwarona ke rufewa. Kai da ka iya, me ya hana ka?"

"Kin taɓa ganin namiji ya ja waƙar ros?"

"A Kuwait na ga namiji yana gugar kwakwa da asuba. Ga shi tsaye a gabana."

Ashe Caitan, uban baftismar Jovita, wanda suke kiran juna Kumpar, yana bakin ƙofa da kwalin lemo a kafaɗa. Ya kwashe da dariya.

"Kumpar, in kai za ka yi, bari in aro maka zani da 'yan kunne. Da wannan muryar taka ta tsohon janareta, sai maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana."

"Ajiye lemon ka ba ni wuri."

Bayan la'asar falo ya cika har baranda. An zaunar da Jovita a kujera, ƙawayenta biyu a gefe, kwanon madara a gabanta. Aka yi addu'a. Tolentino ne na farko, shi ne uba. Ya tsoma yatsa, ya yi mata alamar gicciye a goshi, ya ɗebi madarar da tafin hannu ya zuba mata a ka.

Perpet ta ja baiti na ɗaya, mata suka amsa. Ta ja na biyu, suka amsa. Sai ta yi shiru tana kallon ƙasa.

Madara na ɗiga daga hannunsa. Wani ya yi tari. Wata ƙawar amarya ta miƙa hannu wajen lasifika tana latsa waya. Tolentino ya dubi ƙofa, ya dubi Perpet, ya dubi tsofaffin matan da ke jere a kan doguwar kujera. Kowacce ta kau da kai.

Sai ya ja.

Muryar ta fito a dakushe, ƙasa-ƙasa, ba daɗi. Caitan ya yi ɗan sautin dariya, matarsa ta zungure shi. Wata tsohuwa ta ce, "Yau ga sabon salo," har kowa ya ji. Bai tsaya ba. Ya kira Ermelinda 'yar Inacio, ya ce ta buɗe tagar sama ta leƙo, 'yarta na zaune, kowa ya sa hannu, nata hannun ne kaɗai babu.

Ya kai ƙarshe. Nan ne wurin amshi, ba wadda ta buɗe baki. Can tsohuwar nan mai maganar sabon salo ta gyara zama, ta amsa da ƙarfi kamar mai faɗa, sauran suka bi ta.

Jovita ta ɗago. Madara na gangara ta gefen hancinta.

"Pai, me ka ce? Sunan uwata kawai na kama, sai taga."

Ya san fassararsa da Turanci. Bai ba ta ba. Ya sunkuya ya sake faɗa mata da Konkani, kalma-kalma, kamar mai ba jinjiri abinci. Leɓɓanta suka bi shi. Ta karkace kalma ɗaya, ya gyara mata. Ta sake karkacewa, ya ƙyale ta.

"Kumpar," Caitan ya ce daga baya, yana naɗe hannun riga, "layi fa ya tsaya. Tun da ka fara, sai ka yi nawa baitin. Kuma ka yabe ni sosai."

Tolentino ya miƙe. Akwai baitin uban baftisma, akwai na kawunne, akwai na kakanni. Na kakannin rabinsa kawai yake iya tunawa, sauran yana ta laluba a kansa bai samu ba. Ya goge hannu a wando, ya ja na Caitan.