Layin Kawu a Jikin Allo

Tun da na ga an kwashe kujerun ɗakin taro an jingine su a bango na san ba lafiya ba. A kamfanin ɗab'in nan ba a tara mu haka kawai, kuma raɗe-raɗin za a rage mutum ɗaya ya zaga har wurin mai gadi.

Manaja ya ce horo ne. Ya kawo wata malama mai saurin baki ta koya mana wani tsarin aiki wai shi ajayil: a gutsuttsura aiki, a rubuta kowane gutsure a 'yar takarda mai gam, a liƙa a allo, kowa ya ga inda aiki ya tsaya. Kujera ɗaya aka bari can baya, Manaja ya hakimce a kai.

Malama ta raba allon da salatif, kowa da layinsa: mai karɓar aiki, ni mai tsara shafi, Kawu mai duba kurakurai, sai Dogo mai inji. Kawu ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma a hannunsa muka koyi aiki. Idonsa ya yi rauni, sai ya kai takarda kusa da hanci kafin ya karanta. Mun sani, mun daɗe muna rufa masa asiri.

"Gwaji ne kawai," in ji Malama. "Aiki muke dubawa, ba mutum ba."

Na waiwaya baya. Manaja dai ba allon yake kallo ba.

Ta raba mana aikin gwaji, katunan gayyata da takardun talla. Wanda ya gama nasa sai ya matsar da 'yar takardar zuwa layin gaba. Kafin ka ce kwabo layin Kawu ya cika, takardu na hawa kan juna. Gumi ya keto masa.

"Yauwa!" Malama ta tafa hannu. "In ɗan'uwanku ya maƙale, me za ku yi?"

"A kama masa," in ji Dogo.

"To ku rage masa."

Cewa ta yi a rage. Amma wa zai tsaya yana kallon dattijo na zufa a gaban maigida? Na ce, "Kawu, kawo wannan." Dogo ya ce, "Kawu, huta, mun isa." Muka yi masa wawa, muka share layin tas. A zagaye na biyu ma ba mu bari takarda ta sauka a gabansa ba, kowa ya duba nasa ya tsallake da shi. Aiki ya yi ta gudu, Malama sai murna take. Mu kuma, shashashai, har da tafi.

Kujerar baya ta yi ƙara. Manaja ya tako a hankali har gaban allon.

"Malama, a wannan zagayen me Kawu ya duba?"

Murmushinta ya ɗauke. "Bai duba komai ba, ranka ya daɗe, amma ai..."

"An samu kuskure?"

"A'a. Sai dai gwaji ne, ba a yanke hukunci da shi."

Bai ko kalle ta ba. Ya sa farce ya ɗaga bakin salatif ɗin da ya raba layina da na Kawu, ya ja shi daga sama har ƙasa, ya dunƙule a hannu. Haushi ya kama ni, na rasa na wa zan ji.

"Kawu, in an tashi ka same ni a ofis."

"To, ranka ya daɗe."

Da Manaja ya fita ƙofa ta rufe, Kawu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

"Kun kyauta, 'ya'yana," ya ce. "Allah ya yi muku albarka."

Babu wanda ya iya cewa amin.