Faɗuwar Ejnar

Ejnar Kragh ya tsufa yana kai wa baƙi abinci a wani otal na bakin teku, amma zuciyarsa tana kan dandalin wasan kwaikwayo. In an kwashe kwanukan rana sai ya hau akwatin giya a kicin ya zama sarki. Murya gare shi mai tayar da tsigar jiki. Thyra, mai gyaran ɗakuna, ita ke fitowa a 'yar sarki, da tsumman goge-goge a ka.

Da zafi ya shigo, masu shirya fim suka sauka daga Kopenhagen. Shugabansu, wani Bojsen, ya ce yana neman ma'aikatan otal biyu da za su fito a fim ɗin.

"Kawu Ejnar, ranarmu ta zo!" in ji Thyra.

Ejnar ya goge takalmi, ya tsaya gaban Bojsen. "Ranka ya daɗe, wace magana zan yi?"

"Faɗi duk abin da ya zo bakinka, tsoho. Na'urar kurma ce, ba ta ɗaukar murya. Kai dai riƙe kwanon miya ka tako da isa."

Ba wanda ya gaya masa an shafe daɓen da sabulu. Ya buɗe baki ke nan santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya daki ƙasa, miya ta wanke masa fuska. Thyra ta ƙwalla ƙara ta rugo. Mai ɗaukar hoto ko a jikinsa, ya ci gaba da murza na'ura.

Da aka nuna fim ɗin a gari, mutane har da hawaye don dariya. Ejnar na zaune can baya yana kallon bakinsa na motsi a jikin farin ƙyalle. Bojsen ya ce firgitar Thyra ta dace da hoto, ya ɗauke ta aiki. Ta zo yi wa Ejnar sallama, ta kasa haɗa ido da shi.

Shekara ta zagayo, baƙi suka gane shi da ɗingishinsa. "Ga mutumin nan! Tsoho, faɗi mana mu gani!"

Manaja ya ja shi gefe. "Baƙi ne fa, Ejnar. Ai an shimfiɗa maka darduma."

Ejnar ya daɗe tsaye da tire a hannu. Ba shi da wani wurin zuwa. Ya lallaɓa ya faɗi ta ɓangaren da ba ya ciwo.

Wata mata ta taɓe baki ta ce wa mijinta, "Na fim ɗin ya fi ban dariya."