Saƙon Ma'u zuwa Santambul

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahara suka tare Salmanu a dajin da ke tsakanin Birnin Gwari da Kazage, yana dawowa daga ɗibar zuma, suka yi arewa da shi. Alƙali ya daɗe da shaida wa matarsa Ma'u cewa in tana so ta yi wani auren, hanya a buɗe take. Ita kuwa, kai, taurin kai! Ta ce ai ba alƙali ne ya aure ta ba.

Sai ga wani alhaji ya dawo da labari, wai an ga Salmanu da ransa a Santambul, birnin Turkawa da ke bakin ƙasar Turai. Daidai lokacin kuwa yayanta Abarshi yana shirin tafiya Makka. Ma'u ta same shi yana ɗaure kaya.

"Yaya, ko dai ka zo mini da shi, ko ka zo mini da sakina daga bakinsa, gaban shaidu biyu."

"Ke Ma'u, kin ɗauka Santambul bayan ƙauyen Gwaska take?"

"Oho. Ni dai na faɗa."

Haka Abarshi ya yi aikin hajjinsa, ya shiga jirgin ruwa mai hayaƙi daga Masar, yana amai yana tsine wa teku. Ya sauka cikin wani gari da gidaje suka hau kan juna, ga jar dara a kan kowa, ga sanyi mai shiga ƙashi. Kwana biyar yana yawo yana duba fuskokin baƙaƙe. A rana ta shida, kusa da wata doguwar gada ta katako, ya ji an ƙwala masa kira.

"Abarshi mai tsoron kura!"

Duk duniya mutum biyu ne suka san wannan tsokanar, kuma ga su nan tsaye su biyun. Hammadu Bafulatani, abokinsu na yarinta, wanda aka kama yana kiwo a bayan Saminaka, yanzu yana dako a bakin ruwa. Salmanu kuma yana sayar da gahawa a wata 'yar rumfa. Iyayengijinsu sun 'yanta su tuni. Suka rungume juna suna kuka suna dariya, har Turkawa suka tsaya kallo.

Baƙo ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya kwana uku, shi ma ba ya gaggawar faɗa. Suka yi ta yawo da shi. Suka kai shi wani masallaci da sai rawani ya faɗi kafin mutum ya ga ƙarshen rufinsa. Suka ba shi 'ya'yan zaitun, ya tauna ɗaya ya tofar, ya ce wallahi gara ɗanyen gauta. Hammadu ya tambayi shanun gidansu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Salmanu ya tambayi maƙerin unguwa, da tsamiyar bakin kasuwa, da ko har yanzu kogi yana cin gonar liman. Mutum ɗaya ce bai ambata ba, don kunyar yayan matarsa.

Abarshi dai yana lura. Ya ga ɗakin Salmanu, tabarma ɗaya, tukunya ɗaya, babu alamar mace. Zuciyarsa ta yi fari, ya ce lallai da shi zai koma. Amma kuma ya ji irin tarin da Salmanu yake yi. In suka hau tudu sai Salmanu ya tsaya sau uku ya dafa bango, kuma ƙyallen da yake rufe baki da shi ba fari yake komawa aljihu ba.

Da hantsin rana ta huɗu Abarshi ya ajiye kofinsa.

"Salmanu, Ma'u tana nan a ɗakinka. Ba ta yi aure ba."

Salmanu ya ce, "Shekara nawa ke nan, Yaya?"

"Sha uku yanzu. Har da biyun da na yi a hanya."

Ya faɗa masa saƙon yadda aka ba shi, bai rage ba. Tausayi ya kama Abarshi har ya kasa kallonsa.

"Yaya, ka ji ƙirjin nan. Ko Masar ba zan kai ba. In na mutu a hanya, me ka kai mata?" Ya juya wajen Hammadu. "Ku shaida, ku biyun. Na saki Ma'u."

Hammadu ya ja hularsa ya rufe fuska.

"Saura abu guda," in ji Salmanu. "Na san halinta. In ta ji ni kaɗai ne a nan, ba za ta kula kowa ba har ta mutu. Ka ce mata na yi aure."

"Haba Salmanu! Daga ɗakin Allah nake, ka sa ni ƙarya?"

"Ka ɗora alhakin a wuyana."

Da wannan nauyin Abarshi ya ƙetare teku, ya bi ayari wata da watanni, yana cewa yau zai faɗi gaskiya, gobe ya ce a'a. Damina ta biyu ya ratso dajin gida, ciyawa ta fi kansa tsawo.

Sai da 'yan barka da zuwa suka watse Ma'u ta shigo zaure ta durƙusa. Furfura ta fara fito mata a goshi. Ya ba ta sakinta, ya ambaci shaidu, ta saurara ba ta ko motsa ba.

"Yaya, yana da mata?"

Abarshi ya dubi ƙasa.

"Yana da ita."

Ma'u ta sauke wani dogon numfashi, hawaye suka zubo mata.

"Alhamdulillahi. Duk shekarun nan abin da ke cina ke nan, wa yake dafa masa abinci. Ka san ba ya iya cin tuwon da ya kwana."