Bututun Malam Ukasha

"Ka buɗe mata ruwa, Malam Shafi'i! Don girman Allah ka buɗe!"

Maikasuwa ne ke wannan magiya daga kan iyakar gonarsa da ta Malam Ukasha, wando a naɗe har gwiwa. Ranar ce ruwan dam ya zagayo layinsu, yana ta gudu a magudana, kowa ya fasa bakin fangalinsa. Malam Shafi'i kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Yana tsugune a tsakiyar shinkafa, ya zura hannu cikin wani bututun roba mai huji-huji da aka kafa a ƙasa, yana laluben inda ruwa ya tsaya.

"Bai kai alama ba," ya ce. "Da saura."

"Wace alama kuma? Dubi shinkafar nan, ta fara fitar da kai. Shi kansa mai gonar, bara da ta kawo nan, cika ta ya yi da ruwa. Da idona na gani."

Malam Shafi'i ya miƙe yana kaɗe hannu, ya yi wani murmushi irin na wanda ya gano dabarar mutum. "Bara da bakinka ka ce ya haukace. Yau kuma kai ne malamin karatun nasa?"

"Ni dai na gaya maka. In ruwan nan ya wuce yau, sai ya sake zagayowa. Ga wannan zafi."

"Allah ya kai mu."

Maikasuwa ya tafa hannu, ya juya gonarsa yana ƙunƙuni.

Shi Malam Shafi'i ba manomin shinkafa ba ne. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya, gero da gyaɗa ya sani, su ma da damina, a gonar gado can hanyar Roni. Shinkafa a faranti ya san ta. Abin da ya kawo shi fadama maƙwabtaka ce, don shi da Malam Ukasha sun tsufa ƙofa da ƙofa a wata unguwa a Kazaure, sahunsu ɗaya a masallaci, tabarmarsu ɗaya da la'asar.

Gonar Malam Ukasha wajen ƙarshen layi take, inda ruwa ke isowa a gajiye. Shi ya sa da malaman gona suka zo da wata dabarar tsimin ruwa, shi ya fara karɓa. Maimakon a bar shinkafa tsamo-tsamo kullum, sai a ba ta ruwa a ƙyale ta har ƙasa ta tsotse, a riƙa leƙa bututu, in ruwan ciki ya yi ƙasa da kamar tsawon tafin hannu sannan a sake ba ta. Ba irin dariyar da ba a yi masa ba. Har yara sun riƙa kiransa mai azumtar da shinkafa. Da aka yi girbi ya tashi da abin da ya kai na kowa, ga ruwan da ya rage ya ishi na bayansa, sai masu dariya suka koma gyaran murya. Malam Shafi'i ya fi mai gonar jin daɗin wannan abu, ya yi ta ba da labarin a majalisa kamar shi ya shuka.

Bana kuwa, ana gama dashe da 'yan makonni, ƙafafun Malam Ukasha suka kumbura. Aka ce ƙoda ce, sai Kano. Da safiyar tafiyar, yana zaune a gaban mota, ya riƙo hannun maƙwabcinsa ta taga.

"Gonar nan ita ce abincin gidana na shekara, Malam Shafi'i. Ka san ba ni da wata. Ka dai riƙa duba bututun, na ɗaura zare a inda ruwa zai sauka. Kada ka saurari kowa, za su dame ka da surutu. Sauran in na dawo ma yi magana, ai ba daɗewa zan yi ba."

Direba ya ja mota. Kwanakin da aka ce kaɗan ne suka yi ta miƙewa.

Malam Shafi'i ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana bin umarni daidai yadda aka ba shi, kuma wannan umarnin na aboki ne da ke kwance. Kullum da sassafe yana bayan ɗan acaɓa zuwa fadama. In ya kira waya, Ya Kura matar Malam Ukasha ce ke ɗauka, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ya samu barci, likita ya ce a rage masa tunani. Sai ya ce, "Ki ce masa gona lafiya lau, kada ya sa komai a ransa." Har ga Allah abin da ya ɗauka ke nan.

Bayan ranar da ya sallami Maikasuwa, ruwan bututu ya sauka ya wuce zaren, amma layi ya riga ya wuce su. Rana ta buɗe wuta. Ƙasa ta tsattsage, ganye ya naɗe da tsakar rana. Gabansa ya ɗan faɗi, amma ya tuna bara ma ƙasar ta tsage kuma aka yi ta surutu. Da ruwa ya dawo ya ba ta, ta warware, ta yi shar, kawuna suka fito reras. Ya dubi gonar ya ji wani sanyi a ransa, har ya yi wa Maikasuwa sallama da ƙarfi don ya juyo ya gani. Maikasuwa ya amsa sallamar, ya ci gaba da aikinsa.

Ana cikin haka aka dawo da Malam Ukasha gida. Ba wanda ya tambayi dalili, don duk wanda ya ga yadda aka shigo da shi a rirriƙe ya san asibiti ya gama nasa. Washegari da hantsi Malam Shafi'i ya biya fadama, ya zaɓo kawunan shinkafar da suka fi tsayi, ya ɗaure su da ganye, ya nufi gidan da ɗokinsa.

An shimfiɗa wa majinyacin katifa a rumfar tsakar gida saboda zafi. Ya rame, fuskar ta yi fayau, idanun kawai suka rage nasa. Ya Kura na gefe tana yi masa fifita, ƙananan 'ya'yansa mata biyu sun raɓe a bakin ƙofar ɗaki.

"Sannu, Malam. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"To ga tsaraba daga gonarka. Amanarka tana nan yadda ka bar ta."

Fuskar Malam Ukasha ta yi haske. Ya karɓa, ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Sannan ya kama ƙwaya ɗaya ya matsa da farce. Ya kama wata. Ya bi zangarniyar tun daga sama har ƙasa yana matsawa, ya ajiye ta, ya ɗauki ta biyu. Ya Kura ta daina fifita.

"Malam Shafi'i," ya ce a hankali, "da ta fara fitar da kai, ka tsayar mata da ruwa?"

"Ina! Yadda ka ce haka na yi. Maikasuwa ma ya zo yana ta ihu wai in cika ta, wai kai ma haka ka yi bara. Na ce masa ya..."

Malam Shafi'i ya katse maganar. Ya dubi kawunan da ke kan katifa. Sai yanzu ya lura a miƙe suke cak, ba su sunkuya ba kamar na gonar Maikasuwa. Ya ɗauki ɗaya ya matsa da kansa, ɓawon ya lotse a tsakanin yatsunsa, babu komai a ciki.

"Malam, ko na yi ɓarna ne?"

"Gaskiya Maikasuwa ya gaya maka. In ta zo fitar da kai ba a barin ta da ƙishi, sai ta gama zuba ƙwaya ake komawa bututu." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni ne ban ƙarasa maka ba. Na zaci kafin lokacin na dawo."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na kashe ta da hannuna. Ruwa na gudu a gabana, mutum na roƙona, na hana ta."

"Kai abin da na ce ka yi. Wa zai yi mini sintirin da ka yi? Ka yafe mini wahalar da na sa ka."

"Ni zan yafe maka? Ni?"

Dattijo da furfurarsa, sai ga shi yana kuka a tsakar gidan mutane, yana share hanci da bakin riga. Malam Ukasha ya juya kai ya dubi 'yan matan nan biyu na bakin ƙofa, ya daɗe yana dubansu, kuma Malam Shafi'i ya san lissafin da yake yi. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo.

Kashegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Malam Shafi'i na alwalar la'asar ya ji kukan Ya Kura, ya ajiye butar, ya zauna a ƙasa. Da shi aka yi wanka, da shi aka ɗauki makara. A maƙabarta Maikasuwa ya matso kusa da shi, Malam Shafi'i ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya cancanta.

"Sai haƙuri, Malam," in ji Maikasuwa. "In ta isa yanka ka yi mini magana, ni da yarana za mu zo."

Suka zo kuwa, suka yanke, suka buge. Buhunan suka cika fam, gwanin sha'awa daga nesa, amma mutum ɗaya ke cilla buhu kan amalanke da hannu guda. Ba wanda ya yi wasa a wurin aikin nan. Malam Shafi'i ya raka kayan har ƙofar gida, ya tsaya a zaure ya yi sallama, Ya Kura ta amsa daga bayan labule, tana cikin takaba.

"Ga abin da aka samu. Na kuma sa a kawo miki gero daga wajena. Ya Kura, ban san da bakin da zan..."

"Malam Shafi'i, don Allah ka bari. Malam bai tafi da kai a ransa ba, ni ma haka. Allah ya saka da alheri."

Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ya koma gida ya zauna a kan tabarma a gindin katanga, aka kawo masa abinci ya ce a rufe.

Da yamma iska ta ɗan taso. Daga can gidan ya ji an kwance buhu, sai ƙarar faifai, Ya Kura da 'ya'yanta sun fara shiƙa. Ya kasa kunne yana jiran ya ji zubar ƙwaya a ƙwarya, irin yayyafin nan mai nauyi. Abin da yake ji ɗan tsit-tsit ne, jefi-jefi.

"Inna, a ƙaro wani buhun?" in ji ƙaramar.

"Ƙaro."

Sai ƙaiƙayi ya fara tsallako katanga, fari, marar nauyi, yana sauka a kan tabarma, a kan murfin kwano, a kan gwiwoyinsa. Bai kaɗe ba. Yana nan zaune har aka kira magariba, ƙaiƙayin bai daina zuwa ba.