Mai Riƙe wa Inna Habsatu Buta

A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, mantuwar Inna Habsatu ta zama abin hira a ƙauyensu da ke bakin ruwa kusa da Wara. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta kira jikanta da sunan mijinta da ya rasu. Ran kasuwa ta shiga jirgin Yelwa, sai a tsakiyar ruwa ta tambayi matuƙin ina za su.

Ita ce ke yi wa matan ƙauyen wankan gawa tun kafin ruwan Kainji ya ci tsohon garinsu, kuma ba ta taɓa karɓar ko ƙwaryar hatsi a kai ba. Ɗanta Surajo ya ga lokaci ya yi da za ta bari, kada wata rana ta kunyata su. Ya zaga wajen dattawan mata, suka amince Zuliha, maƙwabciyarsu mai bandar kifi, ta gaje ta. Zuliha ta yarda. Tana ganin matar da ke mantuwa da tukunya a wuta ba ta dace da gawa ba.

Ana cikin haka Mariyamu, ƙawar tsohuwar tun ƙuruciya, ta rasu da hantsi. Surajo ya tare mahaifiyarsa a ƙofar gida, ya roƙe ta ta zauna. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ranar da aka haife ka, Mariyamu ta wanke ni. Kauce mini, yaro."

Aka daidaita a kan Zuliha ta shiga tare da ita, ta sa ido, in tsohuwar ta rikice ta karɓa. Tun a tsakar gidan Mariyamu aka ga Inna Habsatu ta baro ganyen magaryarta a gida. Mata suka dubi juna. Ta ce a tsinko wani, bishiyar ba ta yi hijira ba.

Da aka saki labulen ɗakin, Zuliha ta ga wata mace daban. Inna Habsatu ta naɗe hannunta da tsumma, ta lulluɓe Mariyamu da zane, ba ta buɗe ko'ina ba sai inda ruwa zai bi. Ta yi mata alwala, ta warware kitson a hankali kamar mai gudun ta ji zafi. Waje ana kuka, ana gardamar likkafani, ko kai ba ta ɗaga ba.

Zuliha kuwa hankalinta ya tafi wajen kifin da ta bari a kan banda, ko wuta ta yi masa yawa. Ta karkata butar ta nufi kafaɗar hagu. Tsohuwar ta riƙe mata wuyan hannu.

"Dama tukuna, ɗiyata. Ina kike?"

"Ina nan, Inna."

"Ba ki nan. Dawo."

Zuliha ta dawo. Ba ta sake tuna kifin ba har aka zuba ruwan kafur na ƙarshe, aka tufke gashin, aka naɗe Mariyamu tsaf.

Da maza suka ɗauki makara, Surajo ya tsaya a bakin zaure, ga dattawan matan a bayansa. Ya tambayi Zuliha sau nawa ta gyara wa tsohuwar. Ta ce sau ɗaya aka yi gyara a ɗakin, kuma ita aka gyara wa. Wata dattijuwa ta ce yau an dace, gobe fa? Zuliha ta ce gobe ma ita za ta riƙe buta, ta ɗauko magarya da kafur, ta tuna wa Inna hanyar gida, amma wankan ba za ta karɓa ba muddin tsohuwar tana iya ɗaga hannu.

"In kuna son wata, ku nemo. Ni dai in na riga ta, ita za ta wanke ni."

Inna Habsatu ta ratsa su ta fita ba takalmi, tana tambayar wa ya ga mayafinta, alhali yana kanta. Zuliha ta sunkuya ta kwashe takalman, ta bi ta.