Ngadirah Biyu a Kasuwa Ɗaya

"Kai ka kashe ni, Sarwono! Kai, da yatsanka!"

Mbah Ngadirah ce, wato Kaka Ngadirah, mai sayar da tempe, wainar waken soya, ta faɗo ofishin kasuwa da kwando goye a bayanta. Shekara talatin da ɗaya tana zama a bakin ƙofar gabas. Yau ake raba makullan sabuwar kasuwa. Ta ci kwalliya da kayan sallarta, ta shiga layi baki har kunne, sai mai kiran suna ya duba takarda ya ce ai Ngadirah ta rasu watan jiya.

Pak Sarwono, wato Malam Sarwono, magatakardan kasuwa, ya miƙe da kofin shayi a hannu. "Haba Mbah, a zauna tukuna."

"Gawa tana zama ne? Taɓa ni ka ji!"

Matan kasuwa sun cika taga maƙil. Parmi mai barkono ta leƙo. "Mbah, ya lahirar? Akwai ciniki?"

"Akwai, kuma suna tambayarki!"

Aka fashe da dariya. Retno, matar da ta zo kafa sabuwar na'urar kwamfuta, ta juyo da kujerarta. "Mbah, sunanki ɗaya ne tak?"

"Ɗaya uwata ta ba ni, ya ishe ni."

"Ngadirah nawa ce a kasuwar nan?"

"Biyu. Ni da mai furanni, Allah ya jiƙanta."

Retno ta buɗe tsohon jerin sunaye a allon na'urar, ta ce wa tsohuwar ta matso. Mbah Ngadirah ba ta karatu, amma idonta garau. Wani ɗan tsinke na ƙyaftawa a allon, Retno ta kai shi ƙarshen sunayen Ngadirah biyun ɗaya bayan ɗaya. A sunan sama ya manne da harafin ƙarshe. A na ƙasa kuwa ya tsaya can gefe, ya bar ɗan fili.

"Pak, wannan filin fa?" in ji Retno.

Sarwono ya sosa ƙeya. Wai tsohuwar na'ura ba ta karɓar suna ɗaya sau biyu, shi ne ya danna dogon maɓallin nan mai barin fili sau ɗaya a bayan sunan mai tempe, ta karɓa. Shekara goma sha biyu ba matsala. Retno ta ce to sabuwar ba ta lissafa filin da ke wutsiyar suna. Ta ga mata biyu mace ɗaya ce, ta haɗe su, mutuwar ɗaya ta kwashe duka.

Tsohuwa ta daka tsalle, kwando na rawa a bayanta. "Na kama shi! Ku zo ku gani! Shekara goma sha biyu iska ce ta raba ni da mai furanni! Uba nake da shi, unguwa nake da ita, mutumin nan bai tambaya ba, ya manna min iska!"

"'Yata, ta da ni," ta ce wa Retno.

Minti biyar ba a yi ba sunanta ya dawo. Mata suka ɗau tafi da shewa. Sai Retno ta rage murya. Makullin rumfar ƙofar gabas ya fita tun safe, an bai wa wani mai takalman roba. Saura na saman bene.

"Bene? Wa zai hau bene sayen tempe? Da waɗannan gwiwoyin zan hau?"

Ta kwance kwandon, ta dire shi a kan takardun Sarwono, ta zauna a kujerarsa.

"A nan zan kasa kayana har makullina ya dawo. Je ka kira shugaban kasuwa. A gaban matan nan za ka faɗa masa da bakinka wa ya ba ka izinin binne ni."